Kokenmu Kan Hanyar Hawa Dutsen Dala

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Dala,
Ta hannun masu unguwanninmu na gindin dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne dai 'ya'yanka da ke zaune a kewayen Dala, da wasu 'yan uwa masu zuwa daga Gwammaja da Ƙofar Mazugal suna hawa dutsen bayan asuba don motsa jiki, a cikinmu akwai malaman makaranta akwai 'yan kasuwa har da dattawa biyu da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini. Mun daɗe muna wannan magana a majalisa muna watsewa, sai muka ga gara mu rubuto.

Allah ya ja zamaninka, maganar hanyar hawa ce. Baƙo in ya sauka a bakin titi babu abin da zai nuna masa inda matakalar take, dutsen yana ganinsa ƙiri-ƙiri a gabansa amma sai ya yi ta shiga lungu yana fita, har ya faɗa zauren mutane ko yara su kewaye shi kowa na nuna masa gabas da yamma. Kwanakin baya wata motar ɗalibai ta zo daga wajen gari, malaminsu ya gaji da tambaya ya bi da su ta wata 'yar hanya da yaran unguwa suka yi wa kansu a bayan dutse, wallahi yarinya ɗaya ta zame ta gurje gwiwa da hannu, Allah ne ya tsare abin bai wuce haka ba. Alhali matakala na nan mai taku 101, ba su san da ita ba ne kawai.

Kuma waɗannan ƙananan hanyoyin su ne ke cin dutsen. Duk inda ƙafa ta saba bi ciyawa ba ta fitowa, ƙasa ta yi laushi, damina na zuwa ruwa ya bi nan ya yi zaizaya, kwari ya buɗe, bana ya fi bara faɗi, kuma gidajenmu ne a ƙasa. In an tsayar da hanya ɗaya kowa ya san ita ce, sauran za su warke da kansu.

Ranar Takutaha ta bikin Maulidi kam ba sai mun ba ka labari ba, ka fi mu sani, yara da mata da samari ko'ina a kan dutsen, masu hawa da masu sauka a haɗe, ba alamar da ke cewa nan gefe ne kar a matsa.

To abin da muke roƙo. A sa alama tun daga bakin titi mai kibiya tana nuna matakala, sannan a kowace kwana ta lungu a maimaita ta da fenti kala ɗaya a jikin katanga, da izinin masu gidajen, yadda ko wanda bai yi boko ba zai bi kalar har ya isa. Rubutun kuma a yi shi da Hausar boko da ajami da Turanci, don almajirai na cikin waɗanda suka fi kowa hawa dutsen nan. Dan Allah kar a yi allon ƙarfe, kowa ya san halin da ake ciki da wasu 'yan jari bola, kwana biyu ba za a same shi ba, a zuba na siminti a zana rubutun a jiki tun yana ɗanye. Sai kuma a ja kunnen masu liƙa fastar siyasa, don mun san su, siminti bai gama bushewa ba za ka ga fuskar ɗan takara a kai. Matakalar ma tana son gyara inda ta farfashe, da abin dafawa saboda tsofaffi, da wurin zuba shara, da gargaɗi a kan masu mayar da gefen dutsen banɗaki, wannan abin kunyar ma ba ma son tsawaita shi a gabanka.

A can sama muna son allo guda na tarihi. Yaro zai hau ya hango Goron Dutse da babban masallacin cikin gari ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ya sauko, bai san a nan Barbushe, jagoran mutanen Dala na wancan lokacin, ya zauna zamanin da ake bautar Tsumburbura kafin Musulunci ba, bai san an narka tama a wurin nan tun kafin zuwan Bagauda sarkin Kano na farko a shekarar 999 ba, bai san Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa ba. Wasu sun ce mana ai wannan tarihin maguzanci ne, mu kuma a ganinmu sanin inda Allah ya fito da mu ƙarin godiya ne. Tun 2007 sunan Dala da ganuwa da Kasuwar Kurmi ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO mai tantance wuraren tarihi na duniya suna jiran tantancewa, wurin da ake neman duniya ta san shi bai kamata a ce ɗan Fagge ya zo ya rasa ƙofarsa ba.

Mu ba mu zo hannu rabbana ba. A cikinmu akwai magina da masu fenti da suka ce aikin hannu kyauta ne, kuma za mu riƙa fitowa shara ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne izini da kai maganar gaban ƙaramar hukuma da masu kula da kayan tarihi, don kar mu taɓa wuri a ce mun yi gaban kanmu. In ka sa mana rana za mu zo da wakilai biyar, ko ka turo wakilinka mu zagaya da shi ya gani da idonsa, mun fi so a yi kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna gindin Dala da masu hawanta da asuba.
Sunaye da sa hannu na biye a takarda ta biyu.