Takalmin da ake sa wa mutum bayan tiyatar ƙafa: a riƙa yi mana bayani kafin a sallame mu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, dan Allah ina neman ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana a kan wani abu da ya same ni, wanda na tabbata ba ni kaɗai bane a garin nan namu na Gombe. Ni tela ne, da ƙafar dama nake taka keken ɗinki tun ina yaro, toh a watan Fabrairun 2025 na faɗo daga kan mashin da yamma ina komawa gida Tudun Wada, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashina na ji wani ƙas. Da aka yi hoto likita ya nuna min ƙashin da ke bin gefen ƙafa har zuwa ƙaramin yatsa, yace shi ne ya karye, kuma wurin da ya karyen jini baya isa sosai shi yasa baya saurin haɗewa da kansa, sai an shiga an sa ƙarfe. A ranar na fara jin cewa wai ƙashi 26 ne a ƙafa ɗaya daga idon sawu zuwa yatsu, ikon Allah.

Aka yi aiki lafiya, Allah ya saka wa likitocin da alheri don aikinsu ya yi kyau. Bayan kamar sati 2 aka cire zare, aka ce in sayo wani takalmi, irin baƙin nan na roba mai tauri da yake kaiwa kusan gwiwa, cikinsa soso, wajensa maɗaurai masu mannewa, ƙasansa kuma a lanƙwashe kamar gindin kwalekwale don ƙafar ta riƙa mirginawa ba tare da ta tanƙwaru ba. Aka ɗaura min shi cikin minti biyu, aka ce sati 6, kar ka taka sai mun ce ka taka, ka dawo ranar kaza. Shikenan bayanin da na samu wallahi, don layi ya yi tsawo a bayana kuma ma'aikaciyar ita kaɗai ce. A nan ƙorafina yake Edita. An bani takalmi amma ba a gaya min yadda zan zauna da shi a gida irin namu ba, gidan da a tabarma ake zama, banɗaki na tsuguno ne, wuta sai ta ga dama, ga shi azumi ya kama a watan Maris lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40.

Satin farko kaɗan ya rage in jefar da shi. Zufa ce take taruwa a cikin soson nan, ƙafa ta jiƙe sharkaf, ga ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo a ciki ba halin sosawa, gefen robar kuma yana gugar ƙwaurina har ya yi ja ya fara saɓulewa, ni kuma da na ji ciwo sai in ƙara ɗaure maɗauran tamau a zatona motsi ne yake kawo ciwon, ashe ni nake ƙara wa kaina. Wata rana da la'asar na ga yatsun sun kumbura sun yi sanyi bana jinsu sosai, hankalina ya tashi, maiɗakina ce ta kira wata ƙawarta da ke aiki a sashen gashin ƙashi ta zo har gida. Baiwar Allah nan ta zauna a bakin ƙofa ta kwance takalmin gaba ɗaya, ta duba fatar, ta ce min Malam ai ba haka ake yi ba, diddigenka ma bai zauna a ƙarshen takalmin ba. Ta tura diddigen baya sai da ya jingina, ta lulluɓe soson ba tare da ya yi ninki ba, sannan ta fara ɗaurewa daga wajen yatsu tana hawowa sama, ta ce ya kama amma ya zamana ɗan yatsa zai iya shiga ƙarƙashin maɗauri. Ta ce kuma ƙafar da aka yi wa aiki da safe daban da yamma daban saboda kumburi, don haka ɗaurin safe ba shi ne na yamma ba, sai ana sassautawa ana gyarawa. Abinda bai wuce minti goma ba, amma daren ranar ne na fara yin barcin kirki tun da aka sa min shi.

Ita ce ta ce in nemi doguwar safa ta auduga wadda za ta wuce bakin takalmin, irin ta 'yan ƙwallo amma ba mai matsewa ba, in riƙa canjawa kullum, in zafi ya yi yawa ma sau biyu. Ni da yake ɗinki ne sana'ata sai na sa yarona na shago ya yanko min ƙyallen auduga mai laushi muka ninka muka sa daidai inda robar take gugata, saɓulewar nan cikin kwana uku ta bushe. Soson cikin kuma ashe yana fita, ana wanke shi da hannu da ɗan sabulu a shanya, a ranar Gombe kafin ka idar da azahar ya bushe, amma lokacin da yake a shanya kana kwance ƙafa a sama ba ka sauke ta ƙasa ba. Kuma duk wannan cirewar sai in likitanka ya yarda a cire, don akwai wanda ake ce masa har barci da shi zai yi, ni ma satin farko-farko da shi nake kwana, sai dai in ɗan sassauta in sa filo tsakanin ƙafafuna don kar robar ta ƙuje ɗayar.

Maganar ɗaga ƙafa, mu a tunaninmu in ka zauna a kujera ka ɗora ta a kan kujera 'yar tsuguno ai ka ɗaga. A'a, sai ka kwanta ƙafar ta fi ƙirjinka tudu kafin kumburin ya sauka, filo biyu ko uku, ko ka naɗe bargo. Ƙanƙara ma tana taimakawa, mu ledar ruwa muke saya daskararriya wajen masu firji a naɗe ta a tsumma a ɗora kamar minti 15 zuwa 20, banda kan fata kai tsaye, banda kan ɗinkin in bai warke ba.

Wani abu da ba wanda ya faɗa min sai da na sha wuya: lokacin da aka ce in fara takawa kaɗan-kaɗan sai bayana da ƙuguna na hagu suka kama ciwo, har nake cewa ko wata cutar ce kuma ta daban. Ashe ƙasan takalmin yana da tudu sosai, ni kuma ɗaya ƙafar silifa nake sa mata ko ma in taka haka ba komai, kaga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo kenan, duk takun da na yi ƙugu sai ya karkace. Da na samu kambas mai kaurin ƙasa a wajen 'yan gwanjo na riƙa sawa a ƙafar hagu, ko a tsakar gida, ciwon bayan nan ya ragu sosai. Sanduna ma haka, da hammata nake rataya a kansu har hannuna ya fara sagewa, ashe tafin hannu ne ya kamata ya ɗauki nauyi, hammata ba ta taɓa sandar ba ma. In za ka hau dakali lafiyayyar ƙafa ce gaba, in za ka sauka mai ciwon da sanduna su ne gaba.

Banɗaki kuwa, a yi haƙuri da ni, dole a faɗa don shi ne abinda ya fi damun mutane kuma kowa kunya yake ji ya tambayi likita. Mai wannan takalmin ba zai iya tsuguno ba, idon sawun a kulle yake, in ka matsa sai ka faɗi ko ka ɗora wa ƙafar nauyin da aka hana. Mu kujerar roba mai ƙwari muka samu aka huda tsakiyarta aka ɗora a kan masai, ƙanina ya ɗaure ƙafafunta da katako don kar ta baje. Wanka a zaune, ƙafar a miƙe a gefe cikin babbar leda an ɗaure bakinta, a kuma tsane simintin kafin ka dogara sanda don sanda a jiƙaƙƙen siminti santsi take.

Sallah ita ce ta fi taɓa min zuciya. Ga watan azumi, ina jin ana tarawihi a masallacin unguwa ni ina kwance, har na gwada yin sujada da takalmin na ji kamar an soka min allura. Na aika aka tambayo limaminmu, ya aiko min da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya kuma yi min bayanin shafa a kan ɗaurin ciwo wajen alwala kamar yadda yake a littattafan fiƙihunmu na Malikiyya. Daga nan na koma sallah a kan kujera hankalina kwance. Ina roƙon malamanmu su riƙa taɓo irin wannan a wajen karatu, don na ga dattijo a layin asibiti da yake kwance takalmin sau biyar a rana yana wanke ƙafar da ɗinki bai warke ba saboda yana tsoron alwalarsa bata yi ba.

Toh sai 'yan dubiya, Allah ya biya su ladan zumunci, amma kowa da maganarsa. Wannan yace wane irin abu ne haka kamar ɗan sama jannati, cire shi iska ta sha ƙafar. Wancan yace da wajen mai ɗori ka je da tuni kana kan keke. Wata gwaggona har man shafawa ta kawo da zuciya ɗaya tace a murza wurin da ƙarfi. Ni bana raina masu ɗori, iyayenmu ne kuma sun taimaki mutane tun kafin asibiti ya zo, amma ƙafar da aka tsaga aka sa wa ƙarfe ba ta murza bace ba ta ja bace. Kuma matsin bai tsaya a baki ba, Sallah ƙarama tana matsowa ƙarshen watan Maris, kayan mutane jibge a shago, lokacin da tela yake samun abinda zai ci rabin shekara, ni ina kwance. Na yi tunanin in cire in hau keke ko na awa biyu ne a rana, Allah ya sani na yi. Abinda ya hana ni wani matashi ne ɗan acaɓa da muke haɗuwa ranar ganin likita, shi ya cire nasa a sati na uku saboda ƙaiƙayi da kuma neman abinci, ya koma kan mashin, da ya dawo hoto ya nuna ƙashin ya goce, aka ce sai an sake shiga. Na ga yaron nan a zaune a benci yana share hawaye da hularsa yana lissafin kuɗin aiki na biyu. Da an zauna da shi an nuna masa safa da ƙyalle da yadda ake sassauta ɗauri, an kuma gaya masa abinda cirewar za ta jawo da Hausar da zai gane, ina ganin da bai cire ba. Ni dai na mayar wa wasu kayansu da haƙuri, sauran yarana suka ɗinka ina daga kwance ina yanka.

Akwai kuma alamomin da ba na haƙuri bane, waɗanda ya kamata a rubuta wa kowa a takarda ya tafi da ita gida. In sharaɓa ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya kama ciwo, wannan yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya saboda rashin motsi, kuma yana iya tafiya huhu ya yi kisa, asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne. Haka in ɗinkin ya fara ruwa ko wari ko ga zazzaɓi, ko yatsu suka canja kala suka mutu kuma an sassauta basu dawo ba. Masu ciwon suga su nasu ya fi haɗari don takalmin zai iya cin fatarsu ya zama gyambo basu ji ba, dole kullum wani ya duba musu diddige da tafin ƙafa da ido. Mai shan sigari ya sani tana jinkirta haɗewar ƙashi. Maganin ciwo kuma a tsaya a kan wanda likita ya rubuta, banda aiken yaro kemis ya haɗo, musamman mai azumi da zai watsa su diclofenac a cikin da ba komai ya tayar wa kansa da olsa. Wanda takalmin yake ƙafarsa ta dama kuma ya haƙura da tuƙin mota da mashin, ba zai iya taka birki yadda ya kamata ba.

Roƙona ga shugabannin asibitocinmu na Gombe da Bauchi, na san ma'aikata sun yi kaɗan marasa lafiya sun yi yawa, amma takarda guda ɗaya da Hausa, da boko da ajami, mai ɗan zane, ba za ta gagara ba, ko a tara masu takalmin da waɗanda aka ɗaure wa karaya da siminti ranar asibitin ƙashi mutum ɗaya daga sashen gashi ya yi musu bayani gaba ɗaya tare da wanda yake jinyarsu, tunda matan gida da ƙanne su ne suke ɗaurewa da kwancewa. Ku ma Edita dan Allah ku gayyato likitan ƙashi a shafinku na lafiya ya amsa tambayoyi irin su banɗaki da alwala da kwanciya, gidajen rediyonmu ma haka.

Ni alhamdulillahi an cire min bayan Sallah, ƙafar ta fito ta rame idon sawun ya ƙage, sai da na yi makonni ina zuwa gashi ina juya ta a hankali kafin na iya taka keke, har yanzu in na wuni a shago takan ɗan kumbura da yamma sai in ɗora ta a filo. Yaron nan ɗan acaɓa ban sake haɗuwa da shi ba tun ranar, in Allah yasa wannan takarda ta kai gare shi ina yi masa fatan samun sauƙi.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
wani tela mai karanta jaridarku kullum,
daga Tudun Wada, Gombe.