Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina,

Ya gida, ya amarya da yara? Na san ka fara cewa na yar da kai. Wallahi jikin Hajiya ne ya ɗauke min hankali.

Bayan dawowarta daga Umara ƙafarta ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ga zafi, ko takawa ba ta iya yi. Da aka yi hoto sai aka ga jini ya daskare a jijiyar da ke can cikin ƙafar. Likita ya ce abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Nan take aka fara mata allurar heparin mai hana jini daskarewa a fatar ciki, aka haɗa da ƙwayar warfarin, domin ita ƙwayar sai ta yi kwanaki kafin ta kama aiki. Tana hana hanta amfani da bitamin K ne wajen haɗa sinadaran da ke daskarar da jini.

Yanzu rayuwarmu ta koma kan gwajin INR, wato gwajin da ke nuna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, gudan na iya dawowa. In ya haura, haɓo, jinin dasashi ko baƙin bayan gida. Ka san Hajiya da kwaɗon zogale da miyar alayyafo, ga shi ganyaye cike suke da bitamin K. Ba a hana ta ba, an dai ce kada ta ci tuli yau gobe ta daina. Kai da ko ganye ba ka ci sai an yi maka faɗa, Allah Ya hutasshe ka!

Abin da ya fi tayar min da hankali masu zuwa dubiya ne. Kawu ya zo har da wanzami, wai a yi mata ƙaho a zuƙe mataccen jinin. Sai da na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce mai shan wannan magani in aka tsaga shi jinin ba ya tsayawa da wuri. Wata kuma ta kawo Flagyl saboda ciwon ciki, alhali yana ƙara wa warfarin ƙarfi sosai. Asfirin da ibuprofen ma mun kwashe su daga ɗakinta.

Na tambayi likita, in jini ya ɓalle fa? Ya ce akwai makari: a tsayar da ƙwayar, a ba da bitamin K, in abin ya yi tsanani a ƙara mata ruwan jini. Heparin kuwa protamine ke karya shi. Sai a nan na ɗan samu natsuwa.

Af, an sa ranar autarmu, bayan Babbar Sallah, kuma Hajiya ta rantse da ƙafarta za ta raka amarya. Kada ka ce min hanya ta yi nisa.

Don Allah ka tambayar min kuɗin apixaban ko rivaroxaban, wasu ƙwayoyin hana daskarewar jini, a wajenku. Su ba sa buƙatar gwajin INR, sai dai a nan tsadarsu ta fi ƙarfina. In akwai sauƙi zan nuna wa likitanta, shi zai yanke ko sun dace da ita.

Ka gaida Baba da kyau, ka roƙar mata addu'arsa.

Naka har kullum.