Amsa ga manomin da masararsa ta fito gauraye

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina sauraron shirinku na noma da kiwo tun ina bakin aiki, amma ban taɓa ɗaukar biro na rubuto muku ba sai yau. Abin da ya tayar da ni kiran da wani bawan Allah ya yi ne a shirin makon jiya. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya sayi irin masara mai aure, ta yi masa kyau ƙwarai, har ya zaɓi manyan goyo ya rataye don iri. Da ya shuka su bara sai gonar ta fito gauraye: wata doguwa, wata gajera, wata ta riga wata nuna, buhunan da ya ɗauka kuma ba su kai na farko ba. Ya rufe da cewa Turawa ne suka yi wa irin wani abu don kada talaka ya ƙara ajiye iri. Mai gabatarwa ya ce Allah ya kyauta, aka wuce kira na gaba. Ni kuwa na kwana da maganar a raina, domin na ƙare ƙuruciyata a aikin malamin gona, kuma na san dubban manoma sun ji wannan kira sun tafi da shi a matsayin gaskiya.

Abin da ya sami gonarsa tsohon abu ne da aka gano tun kafin a haifi kakanninmu. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Burno da ke ƙasar Cek ta yanzu, ya shafe daga 1856 zuwa 1863 yana shuka waken Turawa, ɗan koren nan mai zagaye da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Ya ɗauki dogon iri ya haɗa shi da gajere, yana kwasar garin furen wannan da hannunsa yana shafa wa wancan. Duk 'ya'yan da suka fito dogaye ne, babu gajere ko ɗaya. Da mutum ya tsaya nan sai ya rantse gajarta ta mutu. Shi bai tsaya ba, ya bar dogayen suka haihu, sai ga gajeru sun dawo a cikin jikoki: dogaye 787, gajeru 277. Ya ƙirga launin ƙwaya, ya sami rawaya 6,022, kore 2,001. Duk halin da ya gwada cikin halaye bakwai, lissafin ɗaya ne, uku a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, ya rasu a 1884, sai a 1900 wasu masana uku suka tono aikin nasa.

Fassarar lissafin ita ce: kowane hali yana da ƙwayar gado biyu a jikin mai shi, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, ko ita kaɗai ce za ta bayyana. Wata kuma mai lafewa ce, ba ta nuna kanta sai ta haɗu da irinta daga ɗaya ɓangaren. Lafewa ba mutuwa ba ce. Tana nan kwance, ana miƙa ta daga tsatso zuwa tsatso, ranar da ta sami 'yar'uwarta sai ta fito fili, mutane su riƙe baki su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Alhali ta yi, halin kakan ruwan ta ɗauko.

Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. A Bukhari da Muslim akwai hadisin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa. Manzo ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta fizgo shi. Sai aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Duk lokacin da na karanta aikin Mendel sai na tuna wannan jijiya.

Mu koma gonar mai kira. Masara mai aure ana samar da ita ne da iyaye biyu daban, waɗanda aka daɗe ana tace kowannensu har halinsa ya tsaya cak. Idan aka haɗa su, 'ya'yan farko sukan fito bai ɗaya kamar dogayen waken Mendel, kuma sukan fi iyayen biyu ƙarfi da yabanya. Waɗannan 'ya'yan farko su ne ke cikin jakar da ya saya. Goyon da ya rataye kuwa jikoki ne, kuma a cikin jikoki ne duk abin da ya lafe yake farkawa, kowace ƙwaya da rabon da ta ɗauko. Girman goyon da ya zaɓa bai cece shi ba, domin girman na uwar ne, ƙwayoyin da ke jikinsa tuni an sake raba musu gado. Ba a yi wa irin asiri ba, kuma wannan daban yake da maganar irin da ake sauya wa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, wadda ita ma ta cancanci shiri nata. Laifin da nake gani shi ne na mai sayar da irin da ba ya buɗe baki ya ce wa manomi: wannan na shekara ɗaya ne.

Akwai wani abu kuma da ya shafi masara ita kanta. Namijinta yana sama, tutar nan da take fitarwa, macen kuma tana goyo, kuma kowane silin gashin masara hanyar ƙwaya ɗaya ce. Iska ce ke ɗaukar garin tutar ta watsa, ba ruwanta da iyakar gona. Shi ya sa mai farar masara da ke maƙwabtaka da mai rawaya yakan ɓare goyo ya tarar da ƙwayoyi rawaya jefi-jefi tun a shekarar. Gero ma haka yake, bununinsa na yawo gona-gona. Amma wake da gyaɗa da shinkafa galibi kowane fure kansa yake wa barbara, don haka irinsu yakan daɗe bai sauya ba. Wanda ya fahimci wannan ya san abin da zai ajiye da abin da zai sabunta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana fitar da masara iri biyu ƙarƙashin sunan SAMMAZ, mai aure da marar aure, kuma marar auren ana iya ajiye irinta a sake shukawa shekara biyu ko uku idan an nisanta ta da wata masarar. Wannan ita ce amsar da na so mai kiran ya ji.

Ranka ya daɗe, da a gona kaɗai wannan lissafi yake aiki da ban tsawaita ba. Yana aiki a ɗakunan aurenmu. Ƙwayar sikila mai lafewa ce. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila (S) ɗaya da lafiyayya (A) ɗaya, lafiyarsa ƙalau, har ma yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ne dalilin yawaitar ƙwayar a ƙasashenmu, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da ita. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Uku da ɗayan Mendel ke nan. Inda mutane ke kuskure shi ne zaton layi ake bi, wai idan an haifi mai ciwon to uku na gaba sun tsira. Kowane ciki sabon rabo ne. Na san gida a danginmu da aka haifi uku a jere duka SS, na raka biyu daga cikinsu makwanci, kuma har yau akwai masu cewa jinin uwar ne ba kyau. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Haka zabiya take, haka kuma maganar haihuwar 'ya'ya mata da ake goranta wa mata, alhali abin da ke bambance namiji da mace daga wajen uba yake zuwa, da ikon Allah. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma na yi murna da ita, amma takardar asibiti ba ta amfanar wanda bai san ma'anar haruffan da ke cikinta ba. Da yawa ma suna rikita ta da rukunin jini na A da B da O.

Ɗaya ɓangaren da nake roƙon shirinku ya taɓo shi ne sanin dangin tsirrai, domin masu gado ɗaya cutarsu ma takan zama ɗaya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita tsarin ba kowane tsiro suna biyu a 1753, na farko sunan gida, na biyu sunan yanka. Wake Vigna unguiculata ne, gujiya Vigna subterranea, ka ga gida ɗaya suka fito. Kaura da farafara da takanda da karan dafi duk Sorghum bicolor ne, kamar yadda gero da maiwa da dauro abu guda ne a wurin masana. A nan Bahaushe bai yi baya ba, ya ma fi su rarrabewa, don ya san wadda ke son jigawa da wadda ke jiran raɓa. Abin da kan ɗan sosa mini rai shi ne ɗorawar da iyayenmu mata suka shekara aru-aru suna daddawa da ita, a littafi sunan Mungo Park, wani Bature mai yawon bincike, take ɗauke da shi, Parkia, ita kuwa kuka sunan wani Bafaranshe, Adanson. To amma amfanin tsarin ya fi wannan ƙorafi nawa.

Ga amfanin. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rake, har da gamba, duk dangin ciyawa ne. Wuta-wutar da ke cin dawa tana cin gero tana cin masara, kuma irinta na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Manomin da ya cire dawa ya sa masara yana ganin ya sauya shuka, a wurin wuta-wuta kuwa tuwon ne aka sauya wa kwano. Sai ya sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke sa irinta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, sannan ya fara rage ta. Wake da gyaɗa da gujiya da waken suya dangin masu kwanso ne, kuma in ka tuge su za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙananan halittu ke kamo sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Gawo ma ɗan gidan ne, shi ya sa tsofaffi ba sa yarda a sare shi a gona, kuma manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma rainon sa sun ga bambanci a geronsu.

Masu lambu su ne suka fi buƙatar wannan sani. Tumatir, attaruhu, tattasai, gauta, yalo, dankalin Turawa da taba gida ɗaya ne, har da zaƙami. Tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, tana iya rayuwa a kan dankalin Turawa da gauta kafin tumatir ya dawo. Wanda ya kwashe tumatir mai ciwon saiwa ya dasa attaruhu a kwamin bai huta da komai ba, gara ya sa albasa ko masara. Suna kuma yana yaudara: dankalin Hausa da dankalin Turawa ba su haɗa dangi ba, amma kuɓewa da rama da yakuwa da auduga 'yan'uwa ne, duba furensu kawai za ka gani. Ko maganin ciyawa da wannan rarrabewa yake aiki. Tsiron da ke fitowa da ganye ɗaya, kamar masara, daban yake da mai fitowa da ganye biyu, kamar wake, kuma na sha ganin wanda ya fesa maganin gonar masara ya ƙone waken da ya shuka a tsakaninta.

Don haka ga roƙona. Kafin ruwan shuka ya sauka, ku ware mako biyu ko uku ku gayyato mai binciken iri daga Samaru, ko daga cibiyar Tafkin Cadi da ke Maiduguri mai kula da gero, tare da likitan jini, su zauna a shiri ɗaya, domin darasinsu ɗaya ne. Ku ce su yi magana da Hausar kasuwa. Malaman makaranta da ke saurare kuma su nemi goyon masara mai launi biyu su ba yara su ƙirga ƙwayoyin da hannunsu, ya fi zanen allo zama a kai.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai kira, idan yana ji, kada ya shuka abin da ya rataye daga girbin bara, ya kai shi injin niƙa. In yana da halin sayen iri duk shekara ya sayi mai aure sabo, a jakar da ba a buɗe ba, mai ɗauke da takardar shaidar hukumar iri ta ƙasa. In ba shi da hali ya nemi marar aure, ya shuka ta nesa da masarar maƙwabta, ya ɗebi irinsa daga tsakiyar gona, daga karare masu yawa, ya sabunta bayan shekara uku.

Wassalam.

Mai sauraronku,
tsohon malamin gona, daga Funtuwa.