Wasiƙa Zuwa ga Malam Habu kan Kamfanin McCain da Daskararren Dankali

Fredericton, Kanada

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kai da iyali da sauran jama'ar Bokkos kuna cikin ƙoshin lafiya. A wasiƙarka ka nemi in yi maka bayanin kamfanin McCain, tunda Allah ya sa ina zaune a lardin New Brunswick inda aka kafa shi, kuma na san tambayar ta manomi ce wanda dankalinsa ke lalacewa a hannu duk shekara.

Asalin kamfanin wani ƙaramin gari ne mai suna Florenceville, a bakin kogin Saint John, kusa da iyakar Amurka. Mahaifin masu kamfanin, A. D. McCain, dillalin irin dankalin Turawa ne da yake fitar da shi zuwa ƙasashen waje, saboda haka 'ya'yansa sun tashi da sanin amfanin da kuma sanin kasuwarsa. A shekarar 1957 biyu daga cikinsu, Harrison da Wallace, tare da tallafin yayyensu Robert da Andrew, suka buɗe masana'antar yanka dankali da soya shi da daskarar da shi. Ma'aikata 30 suka fara da su, cinikin shekarar farko kuwa ya ɗan haura dalar Kanada 150,000 kawai. Sun yi dace da lokaci, domin a shekarun nan ne gidajen abinci na sauri irin su McDonald's suka fara yaɗuwa, suna neman soyayyen dankali mai tsawo ɗaya da launi ɗaya da ɗanɗano ɗaya a kowane reshe, ba tare da an zaunar da ma'aikata suna fere ba.

Maimakon su fara kutsawa Amurka, inda manyan kamfanoni irin su Simplot suka riga suka kama kasuwa, sai suka tsallaka Ingila, suka gina masana'anta a Scarborough a ƙarshen shekarun 1960. Dabararsu ita ce su fara aika kaya daga Kanada har mutane su saba, sannan su gina masana'anta a ƙasar su nemi manoman wurin su noma musu. Haka suka yi a Ostareliya da Holan da Faransa, da Balcarce a Ajantina a 1995, da Harbin a Sin, da Mehsana a jihar Gujarat ta Indiya. A 1997 suka sayi sashen da ke sayar wa gidajen abinci na Ore-Ida, wani kamfanin daskararren dankali na Amurka, abin da ya ba su gindin zama a Amurka, a 2000 kuma suka shiga Afirka ta Kudu. A yau ana sayar da kayansu a ƙasashe fiye da 160, kuma kamfanin yana cewa ɗaya cikin huɗu na soyayyen dankalin da ake ci a duniya nasa ne. Har yanzu mallakar iyali ne, ko da yake rikicin wanda zai gaji shugabanci ya raba 'yan'uwan biyu, aka sauke Wallace a 1994, ya koma ya sayi kamfanin Maple Leaf Foods. Harrison ya rasu a 2004, Wallace a 2011.

Abin da ya fi dacewa ka sani, Malam Habu, shi ne aikin da ake yi wa dankalin kansa. Idan mota ta kawo shi, ana ɗibar samfuri a auna yawan sitacinsa da sukarinsa kafin a karɓa. Daga nan a wanke, a saka shi cikin tukunyar tururi mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan har ɓawon ya saki, sannan ruwa ya kwaso shi da gudu ta cikin bututu ya buga shi kan jerin wuƙaƙe, ya fito a yanke. Na'ura mai kyamara tana duba kowane yanki tana fitar da mai baƙin tabo. Ana tsoma sauran a ruwan zafi don rage sukarin da ke samansa, a busar, a yi masa rabin suya a mai, a daskarar, a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Daga wannan lokaci har ya isa kaskon mai saye, ko a jirgin ruwa ko a mota ko a kanti, bai kamata sanyin nan ya yanke ba.

Amma ni a ganina ƙarfin kamfanin yana gona da rumbu tun kafin a zo masana'anta. Ba kowane iri ne yake yin wannan aiki ba. Ana son dogo, mai tauri, mai ƙarancin ruwa, irin su Russet Burbank da Shepody; shi Shepody masu binciken aikin gona na gwamnati ne suka samar da shi a nan Fredericton. A wannan lardin sau ɗaya ake girbi a shekara, wajen Satumba da Oktoba, amma masana'anta tana aiki kusan shekara cur, domin ana zuba dankalin a manyan rumbuna masu iska da laima da aka daidaita. Kada ɗakin ya yi zafi dankalin ya tsira, kada kuma sanyi ya yi yawa, domin sanyi yana mai da sitaci sukari, sai dankalin ya yi duhu a wajen suya a ƙi karɓarsa. Manomi yana sa hannu a kwantiragi tun kafin shuka, ya san farashinsa da yawan abin da za a karɓa. Wannan kwanciyar hankali ce babba, sai dai tana da tsada, domin wanda mai sayensa ɗaya ne tak ba shi da bakin magana sosai ranar da aka ce kayansa bai cika ƙa'ida ba. Shi ya sa manoman nan suke yin cinikin farashi a ƙungiyance.

Idan na tuna yadda buhuna ke taruwa a kasuwannin Bokkos da Mangu lokacin kaka, farashi ya faɗi warwas, bayan 'yan watanni kuma dankalin ya yi wuyar samu, sai raina ya sosu ƙwarai. Filato tana da ƙasa da sanyi da manoma masu himma, har da tashar binciken dankali a Kuru. Sai dai masana'anta irin wannan ba za ta tsaya ba sai da iri mai tsabta wanda bai gaji da maimaici ba, da maganin cutar nan mai ƙone ganye a damina, da wutar lantarki marar yankewa. Shawarata gare ku a ƙungiyarku ita ce ku fara da sabunta iri da gina rumbu mai iska na haɗin gwiwa, domin waɗannan biyun suna cikin ikonku, kuma su ne abin da duk mai niyyar zuba jari zai fara tambaya.

Ka rubuto mini sunayen irin da kuke shukawa yanzu, da tsawon lokacin da suke yi a ajiye kafin su fara tsira, in nuna wa masana a nan su ba mu shawara. Ka miƙa gaisuwata ga Baba da Inna, da maiɗakinka da yara.

Wassalam, naka amini,
Isa