Wasiƙar Godiya ga Masu Riƙe da Gidan Don Bosko na Baldoko

Zuwa ga limaman Saleziya da 'yan'uwa ma'aikata, unguwar Baldoko, birnin Turin, ƙasar Italiya.

Iyayenmu, salama a gare ku. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto wannan takarda a bainar jama'a don mu gode muku kan abu guda: kun adana tarihin gidan nan da daɗinsa da ɗacinsa, ba ku share wuraren da aka yi tuntuɓe ba. Ga mai aikin kula da yaran titi, nan ne ilimin yake.

Tun farko ba gidan kwana Don Bosko, limamin Katolika da ya kafa gidan nan da ƙungiyar Saleziya, ya buɗe ba. Bayan an naɗa shi limami a 1841, ya riƙa bin malaminsa Fada Kafaso zuwa kurkukun Turin, inda ya tarar da samari 'yan shekara 12 zuwa 18, waɗanda ake saki yau su koma gobe saboda babu mai karɓarsu a waje. Sai ya fara tara su ranar Lahadi. Aka yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri saboda hayaniya, har mai wani fili ya ce sun tattake masa ciyawa. Sai a watan Afrilu na 1846 ya sami hayar wata rumfa ta gidan wani mutum mai suna Pinardi a Baldoko, wadda rufinta ya yi ƙasa har sai da aka haƙe daɓenta kafin babba ya iya miƙewa a ciki.

Ga tuntuɓen farko. Ya kwaso wasu samari daga titi, ya shimfiɗa musu a ɗakin ajiyar harawa, ya ba su barguna, ya tafi ya kwanta. Gari na wayewa, babu yara babu barguna. Duk wanda ya san wannan aiki ya san dalili: yaron da ya saba kwanan titi, bargo a wurinsa kuɗin abincin gobe ne, kuma bai ga fuskar da zai ji kunya ba. Gyaran ya zo ta hannun mahaifiyarsa, Mama Margarita, wadda ta baro ƙauye ta tare da shi a Nuwamba 1846. A wani dare na ruwan sama cikin Mayun 1847, wani maraya ɗan kimanin shekara 15, wanda ya zo birni neman aikin gini, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta zaunar da shi kusa da wuta ya bushe, ta ba shi miya da burodi, ta haɗa masa gado da tubali da katako a cikin kicin, ta yi masa 'yar nasiha, suka yi addu'a, sannan ta kulle ƙofa. Yaron ya zauna. Wannan jeri, abinci, wurin kwana kusa da babba, magana mai taushi da tsaro, shi ne har gobe matakin daren farko. Kuma daga nasihar nan ce aka sami 'yar gajeruwar maganar sai da safe da ake yi wa yara a gidajenku kafin barci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne takardun koyon sana'a. Da farko yaran suna kwana a gida, da safe su fita aiki wurin masu shaguna a gari, ana ba kowa santi 25 (ƙananan kuɗin ƙasar a lokacin) na burodi. Masu shagunan kuwa wasu na duka, wasu na mai da yaro ɗan aike, wasu na hana lada. Don Bosko bai tsaya ga roƙo ba, ya kawo takarda. Yarjejeniyar 8 ga Fabrairu 1852, ta wani yaro mai koyon kafinta, ta ɗaure maigida na shekara 2: zai koyar da sana'ar sosai, ba zai sa yaro aikin da ba na sana'a ba ko wanda ya fi ƙarfinsa, zai gyara shi da baki ba da hannu ba, zai bar shi ya huta ranar Lahadi da ranakun idi. Lada santi 30 a rana a wata shida na farko, 40 a na biyu, 60 daga shekara mai zuwa. Maigida ya sa hannu, yaro ya sa, mahaifinsa ya sa, Don Bosko ya sa. Kuma yakan bi su shagunan ya duba da idonsa, don takardar da ba a bibiya ba ta tsare kowa. A garuruwanmu har yau ana kai yaro gareji ko shagon tela da baki kawai, shi ya sa muke ganin darajar wannan takarda da ƙungiyarku ta adana.

Duk da haka, hanya tsakanin gida da shago tana cinye yara, don a nan tsofaffin abokai suke tare su. Sai ya shigo da sana'ar cikin gida: ɗinkin takalma da na tufafi a 1853, ɗaurin littattafai a 1854, kafinta a 1856, daga baya ɗab'i da ƙira. Nan ma aka sake tuntuɓe. Malamin da aka ɗauka a kan albashi bai damu ko yaro ya iya ba. Wanda aka bar wa ribar shago ya mai da yara leburori. Kayan aiki kuwa suka zama abin rigima, wa ya ɓatar, wa zai biya. Ba a huta ba sai da aka sami 'yan'uwa masu sana'a waɗanda ba limamai ba, amma sun ba da ransu ga aikin, suna kwana inda yaran suke kwana. Ƙungiyar Saleziya da aka kafa ranar 18 ga Disamba 1859 ta ɗauki wannan tsari, yaran gida kuma suka tashi daga 36 a 1852 zuwa ɗaruruwa cikin shekara goma.

Mun gode da ba ku sauya ginshiƙan nan uku na tarbiyyar Don Bosko ba: hankali, addini, da ƙauna. A aikace ma'anarsu ita ce babba ya kasance a filin wasa da ɗakin kwana da wurin cin abinci, ya ga rigima tun tana hayaƙi, kada a kai ga bulala. Tsari ne mai cin ma'aikata, yana kuma gajiyarwa, mun sani. Mun gode da gidan tarihi da kuka buɗe a 2020, inda mai ziyara zai ga ɗakunan da aka yi wannan rayuwa, da kuma 'yan'uwanku da suka iso Najeriya a 1982, suka fara daga Akure da Ondo.

Roƙonmu ɗaya ne: ku taimaka a fassara yarjejeniyar 1852 zuwa Hausa, mu sami abin ɗauka idan za mu kai yaro wurin maigida.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku ƙarfi.

Naku cikin hidima,
Wasu ma'aikatan gidajen kula da yara marasa galihu