Shirwa, mushe da murar tsuntsaye

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki? Tun da aka yi maka ƙarin girma ka yi ɓatan dabo, ko saƙon gaisuwa babu. Na so in jira ka fara rubutowa, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanan baya na tarar da shirwa biyu da hankaka a bakin ruwa suna yagar mushen agwagwar daji. Wata agwagwar na gefe, ba ta mutu ba tukuna, wuyanta a murɗe, kanta sai rawa yake, tana ta zagaye wuri ɗaya ta kasa tashi. Gabana ya faɗi, domin haka murar tsuntsaye ke yi idan ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ga shirwar kuma sun tsoma baki a cikin 'yar'uwarta.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Shaho da gaggafa sun fi kama tsuntsun da ya raunana, ungulu da shirwa kuwa mushe ne abincinsu, don haka cutar har gida take iske su. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cututtukan da za su kashe wata dabbar, amma wannan murar tsuntsayen da ake kira H5N1 ta fi ƙarfinta. A 2023 ta kashe ungulun nan na Kalifoniya da ake kira kondo guda 21 a yankin Arizona, alhali duk duniya ba su kai 600 ba. Dole ta sa Amurka ta amince a yi musu allurar riga-kafi. Irin waɗannan tsuntsaye ƙwai ɗaya suke sakawa, sai sun shekara wajen shida kafin su fara haihuwa. Yaushe za a mayar da gurbin 21?

Ka tuna lokacin da kake ce mini ciwon kaji ne kawai? A 1996 aka fara gano ta a jikin dinya a lardin Guwandon na Sin. Ta kashe dubban tsuntsaye a tafkin Cinhai na Sin a 2005, ta haye Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, a 2024 har ta kai Antatika, ta kuma shiga shanun madara a Tekzas.

Af, mutuminka mai kyamara ya sayi sabuwa, doguwa kamar bindiga, har yanzu dai hotunan mujiyar nan tasa duhu ne kawai. Ya ce kai ka ba shi shawarar sayenta, don haka ku ƙarata. Ya fi wata yana neman lambarka.

Roƙona ɗaya: na san yaronka na tsakiya da tsince-tsince. Ka ja masa kunne, kada ya taɓa mataccen tsuntsu ko wanda ya kasa tashi, komai tausayi. Kyanwar nan taku ma a tsare ta, kuliyoyi na kamuwa kuma suna mutuwa. Ba kasafai cutar ke kama mutum ba, galibi masu hulɗa da kaji ko shanu marasa lafiya ne, amma idan kun ga matattu da yawa wuri ɗaya, ku sanar da likitocin dabbobi, kada ku kwashe da hannu. Ni ma na sanar da su, sun zo da safar hannu da takunkumi sun ɗauki samfur, ina jiran sakamako.

Ka gaida Hajiya da yara. Kuma don Allah ka amsa kafin ƙarin girma na gaba.

Naka har kullum.