Zuwa ga Abba, kan maganar bindigar nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da su Walida. Allah Ya sa haka, amin.

Na rubuto maka ne don na san in muka zauna baki da baki ba za ka bari maganar ta shige ka ba. Za ka sunkuyar da kai ka ce "to, Baba," ka tashi ka je ka aikata abin da ka riga ka ƙudurta. Saboda haka ka karanta wannan har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci a tsakiya.

Labari ya iso ni cewa tun daren da aka shiga gidan maƙwabcinku a Danbare kake neman bindiga, har an haɗa ka da wani da zai kawo maka ƙarama, ƙirar gida. Kada ka tsaya binciken wanda ya faɗa mini, kuma kada ka je ka ɗaga wa matarka hankali, ba daga bakinta na ji ba. Ummanku ba ta sani ba, da hawan jinin nan nata ba na so ta sani.

Ban ga laifinka ba don ka tsorata. Magidanci ya ji ana dukan ƙyauren maƙwabcinsa ƙarfe biyun dare, ya ji kukan yara, ya kira duk lambar da ke wayarsa ba wanda ya iso sai da aka gama, dole zuciyarsa ta raya masa abubuwa. Ga shi kowa ya san sana'arka a kasuwar waya ta Farm Centre, ana ganin kamar da kuɗin ciniki kake kwana. Duk na san wannan. Amma na tsufa a teburin magatakarda a kotu, kuma abin da idona ya gani a can ba zai bar ni in yi shiru ba.

Bari in fara da ita bindigar kanta. Dokar makamai ta ƙasar nan, wadda ake aiki da ita tun 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma fistol na cikinsu, wato irin wadda aka ce za a kawo maka. Akwai irin mai baki biyu ta farauta, wadda lasisinta ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda, shi ma a 2023 an sanar da dakatar da bayar da sabo. Sai adaka, wadda ita ma ba a sake ta haka kawai ba, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da iko a kanta. Ƙirar maƙera ta ɓoye kuwa ba ta da takarda, ba kuma za ta taɓa samu ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ta ambaci ɗaurin shekara goma ga wanda aka kama da bindiga babu lasisi, ko da bai taɓa ɗana ta ba. Ka yi tunanin an tare ka a shinge da daddare a titin Gwarzo, an buɗe mota an gan ta a ƙarƙashin kujera. Wa za ka ce wa ta kare kai ce? Wanda ya sayar maka kuma, kana tsammani kai kaɗai ne cinikinsa? Ranar da aka damƙe shi, sunanka na cikin waɗanda zai lissafa, jere da sunayen mutanen da kake jin tsoro.

To, mu ƙaddara ma kana da lasisi cikakke. Har yanzu ba a zo wurin da ke hana ni barci ba.

Doka ba ta ce ka tsaya a yanka ka ba. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki na 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon larura don kare rai ko dukiya. Dokar Final Kod da muke aiki da ita a Arewa, daga sashe na 59 zuwa na 67, ta ba ka haƙƙin kare kanka da iyalinka da abin hannunka. Ta ma yarda cewa a fashi, ko fasa gida da dare, ko inda ka ga mutuwa ko mummunan rauni a gabanka, kariyar za ta iya kaiwa ga rasa ran maharin. Wannan shi ne rabin da samari ke maimaitawa a majalisa. Ɗaya rabin ba sa kawo shi. Sashe na 62 ya ce ba ka da ikon yin illar da ta wuce wadda kariyar ke buƙata. Na 63 ya ce in akwai sararin neman hukuma, haƙƙin ya faɗi. Kuma alƙali ba zai tambaye ka ko mutumin ɗan fashi ne ba, wannan kowa ya yarda. Tambayarsa ita ce, a daidai lokacin da yatsanka ya ja kunamar, ranka ko na wani na cikin haɗari? Akwai wata mafita? Me ke hannunsa, kuma ina ya fuskanta?

Ina ya fuskanta, Abba. A nan nake so ka tsaya.

Na sha zama ina rubutu ana karanta rahoton likita a gaban kotu. Bindigar tana kan tebur, an ɗaura mata 'yar takarda da zare mai ɗauke da lambar shaida, kwanson harsashi a cikin leda kusa da ita. Likita zai tsaya ya faɗi inda harsashi ya shiga da inda ya fita, da ko daga kusa aka harba ko daga nesa. Da zarar ya ce ta gadon baya ya shiga, sai ka ga lauyan wanda ake ƙara ya ajiye alƙalaminsa. Mutumin da ke tsaye a akwatin wanda ake tuhuma ba ɓarawo ba ne, magidanci ne kamarka, wani lokaci ma shi aka fara cuta. Sai dai ɓarawon ya riga ya juya, ya kama katanga ko ya fita titi, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya bi shi. Daga wannan taku, doka ta daina ganin mai kare kai, ramuwa take gani. In an sassauta, aka yarda da kyakkyawar niyya ya wuce iyaka, sashe na 222 ya cece shi daga igiya, amma na 224 na jiransa da hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai. In ba a yarda ba, sashe na 221 ne, kisan kai mai hukuncin kisa.

Ka tuna shari'ar manomin nan na Adamawa da gidajen rediyo suka yi ta magana a kai. A gonarsa aka far masa da wuƙa, aka ji masa ciwo, ya yi kokawa ya ƙwace wuƙar ya soki wanda ya kawo masa harin. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, a kan cewa da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Mutane da yawa sun ga an tsaurara, ni ma a raina na ga haka. Daga baya gwamna ya yi masa afuwa, bayan ya shafe sama da shekara goma a tsare. Wannan fa wuƙar maharin ce, ba shi ya je da ita ba. Ina ga wanda ya sayi bindigar ɓoye ya ajiye yana jira?

Kuma kada ka ɗauka wanda ke da gaskiya yana kwana a gidansa. Ko harbinka ya dace da doka ta kowace fuska, gawa gawa ce. Za a tafi da kai hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, a kai ka gaban majistare, a aika da kai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Beli a tuhumar kisa sai babbar kotu, shi ma da ƙyar. Watanni na tafiya, shago a rufe, masu binka bashi ba sa jira. Na ga iyaye mata a gindin bishiya a harabar kotu, da kular abinci a cinya, suna jiran motar fursuna ta iso don su hangi ɗansu ta 'yar tagar ƙarfe. Sau da yawa a ɗage zaman, su koma da abincin bai taɓu ba. Duk lokacin da maganar nan ta faɗo mini, fuskar Ummanku nake gani a wurin.

Da Sadiku ne aka ce yana neman bindiga, da ban damu haka ba. Kai ne, kuma na san zuciyarka. Kai ne ka bi ɗan ƙwacen waya a guje tun daga bakin kasuwa har cikin lungu, shi da wuƙa kai hannu banza, saboda wayar da ba taka ba ma. Ka dawo kana ba da labari kana dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Ranar da a ce akwai ƙarfe a ƙugunka fa? Zuciyar Kawu Ado gare ka, kuma ka san inda ta kai shi, ka san abin da gidan Yakasai ya zama bayan nan. Har yau kana riƙe da ni a kan adakar Malam da na miƙa wa hukuma bayan rasuwarsa, kana ganin na tozarta gado. Na ji abin da ka faɗa wa 'yan uwanka a lokacin, cewa aikin kotu ya mai da ni matsoraci. To, matsoracin nan ne ya raine ku ku bakwai, ba wanda ya taɓa kwana a caji ofis. In kana ganin ka girma, ka yi kuɗi, ka wuce a faɗa maka, ka sani ko jika ka ajiye ni na haife ka. Ban yarda ba, ban kuma amince a shigar da abin nan gidan da jikokina ke rarrafe ba.

Ka ma yi tunanin su waye ke motsi a gidanka da dare. Ƙanin matarka da ke dawowa bayan an kulle gida ya ɗare katanga. Almajirin da ke kwana a soro. Ga Walida mai buɗe kowace durowa. An ɗauke wuta, kana cikin magagin barci, tsoro ya cika ka, wane ido gare ka da za ka tantance?

Na san za ka kawo mini hadisi, don na ji kana kawo shi. Gaskiya ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka kashe a kan kare dukiyarsa shahidi ne. Amma akwai ruwayar da wani ya tambaye shi game da mai zuwa ƙwatar dukiyarsa, ya ce ya tunatar da shi Allah, in bai ji ba ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan ya nemi hukuma, faɗa ne ya zo a ƙarshe. Malamanmu na Malikiyya a kan haka suke: a fara da gargaɗi in da hali, a tunkuɗe mahari da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. Wanda ya ba da baya, hukuncinsa na hannun shugaba, ba naka ba. Je ka tambayi Malam Liman in kana ganin son raina na faɗa. Waya da kuɗi ana mayar da su, kai shaida ne, ka yi asarar da ta fi wannan shekarar gobara kuma Allah Ya mayar maka. Jini kuwa shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama, ko na ɗan daba ne, don shi ma wata ce ta haife shi.

Abba, ba so nake ka zauna hannu rabbana ba. Ka ƙara wa katangar baya tsawo, ka sa ƙyauren ƙarfe a ƙofar falo, ka sa fitila mai aiki da hasken rana a waje. Ku zauna da mai unguwa da sauran magidanta ku tsayar da maganar 'yan sintiri da gaske, kowa ya riƙa biyan nasa, ku sanar da ofishin 'yan sandan yankinku su san da su. Kuɗin ciniki su kwana a banki, kuma yaran shagonka su san haka, don irin wannan labarin daga kusa yake fita. In kuma Allah Ya ƙaddara aka shigo, ka ba su abin da suka zo nema, ka tattara yaranka a bayanka. Ba wanda zai kira ka rago a gabana. In gidan ne ya fita daga ranka, sashen nan na sama yana nan a rufe, ku dawo cikin gari har abubuwa su lafa, kuɗin katangar kuma zan kama maka da abin da ya sawwaƙa daga fanshona.

In ka riga ka ba da kafin alƙalami, ka bar masa, kada ka koma wurinsa ko don karɓar kuɗin. In kuma abin ya riga ya shigo hannunka, kada ka jefar a rijiya, kada ka ba wani ajiya. Ka faɗa mini, akwai lauyan da muka yi aiki tare, zai raka mu a miƙa ta yadda ya kamata.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da yaran, Ummanku na ta cigiyarsu. Mu sai mu keɓe a soro. Allah Ya tsare mini kai, Ya kare gidanka da dare da rana, Ya sanyaya maka zuciya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.